Miyar Da Matata Ta Sha Ita Kaɗai

Ni ne da laifi a abin da ya faru a gidan abincin 'yan Fotugal ɗin nan, ba matata ba, kuma tun muna zaune a teburin na san haka.

Matata tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Ta daɗe tana zuwa unguwar Sedgefield wajen wata tsohuwa 'yar Fotugal, tana yi mata wanka, tana ba ta magani, har ranar da tsohuwar ta rasu. 'Yar tsohuwar tana da ɗan ƙaramin gidan abinci. Bayan an share makoki sai ta nace wa matata ta kawo iyalinta da waɗanda take ganin girmansu, tana so ta gode mata da girki, don abin da ta iya ke nan.

Matata ta gayyaci Alhaji, dattijon nan ɗan Nijar da ya sauke mu lokacin da muka zo wannan gari na ƙasar Turawa, da Hajiyarsa, da wata ƙawarta da mijinta. Ni kuwa raina a ɓace yake tun daga gida. Tun zuwanmu nake ɗaga kwalaye a ma'ajiyar kaya, ba wanda ya taɓa dafa mini ko ruwan zafi don godiya. Ban kira abin hassada ba a lokacin. Gajiya na kira shi.

A mota, muna cikin cunkoson titin Wendover, matata ta bayyana mini komai. Ta ce mutanen can suna yanka tsiran alade a kan miyarsu ta ganye, suna kuma zuba giya a wasu girke-girken, shi ya sa ta je da kanta ta zauna da matar. Matar har sabuwar tukunya ta saya saboda mu, kuma ban da kifi ba naman da za a kawo. Na ji sarai. Na ce to.

Wurin ɗan ƙarami ne, mai ɗumi, tebura kusa da juna. Bangon an shimfiɗa masa tayil fari da shuɗi mai zanen jiragen ruwa, ƙanshin tafarnuwa da gasasshen kifi ya cika ko'ina. Mai wurin ta fito daga kicin ta rungume matata tana hawaye, ta nuna mana hoton mahaifiyarta a bango. Matata ta amsa mata da 'yan kalmomi a yarensu, yaranmu suka kwashe da dariya suna tambaya da Turanci yaushe Mama ta koyi wannan. Hajiya tana kallonta cike da sha'awa. Ni ina tsaye a baya riƙe da rigunan sanyi.

Aka kawo burodi da zaitun, sannan miyar, koriya shar, tana tururi. A teburinmu ba mai kai hannu sai babba ya yi bisimilla. Alhaji ya ɗauki cokali, sai ya juyo gare ni, tunda ni ne maigida, ya ce a hankali, "Malam, ba wani abu a ciki dai ko?"

"Ni dai ban sani ba, Alhaji," na ce. "Ba a shawarce ni ba."

Alhaji ya ajiye cokalin. Hajiya ta ajiye nata, sauran ma haka, har yaran. Matata ta yi bayanin tukunyar da komai. Alhaji ya gyaɗa kai, ya ce ba komai, dama cikinsa ba daɗi yau, burodin ma ya ishe shi. Mutum ne mai kara, amma tunda mijin mace ya nuna shakka a gaban jama'a, maganarta ta riga ta yi rauni. Da matata ta ce ai na faɗa maka a mota, da ta tsira, ni na ji kunya. Ba ta faɗa ba. Ta ja kwanonta ta yi bisimilla, ta shanye miyar ita kaɗai muna kallo.

Da mai wurin ta zo ta ga kwanuka a cike, sai ta tambaya ko gishiri ne ya yi yawa. Ta ce miyar da mahaifiyarta ta fi so ce, a kwanakinta na ƙarshe daga hannun matata kawai take karɓarta. Aka ci kifin daga baya, don shi ido yana ganin abin da yake, amma hira ba ta sake tashi ba.

Matata ba ta yi mini faɗa ba, ni ma na yi shiru ina fatan maganar ta wuce. Sai wata safiya na ji Hajiya ta waya tana yi mata nasiha, wai shiga gidajen Turawa kada ya sa ta fara sakaci da abin da take ci. Matata ta ce, "To Hajiya, na gode." Shekara da shekaru tana tafiya aiki da abincinta a kula, ga abin da jimla ɗaya tawa ta jawo mata. Da ta kashe wayar na fara ba ta haƙuri, sai ta ce ai ba a ɗaki na yi maganar ba.

Ranar Lahadi muka je cin abinci gidan Alhaji a unguwar McLeansville, ƙawar matata da mijinta suna nan. Kafin Alhaji ya yi bisimilla na roƙe shi ya dakata.

"Alhaji, ranar nan ƙarya na yi maka. Na san miyar ba komai a cikinta, ta faɗa mini tun a hanya. Ganin ana girmama ta ne ya tsaya mini a rai." Na juya wajen matata. "Maman yara, kin rufa mini asiri, ni na kunyata ki a gaban mutanen nan. A gabansu nake roƙonki, ki yafe mini."