Direban da Firji Ya Aura

A shagon magani na bakin titin unguwar Maamobi nake fake wa rana, tunda aiki ya ƙi ni, ni ma na ƙi shi. Sai ga wani dattijo, tumbinsa ya riga shi sallama. Hannunsa na hagu ya fi na dama baƙi, irin na direban da ya tsufa yana jingina shi a taga.

Ya dubi mai shagon. "Mulikatu, 'yata, allurar sati-satin nan ta iso?"

"Shiru, Baba. Sai dai ta kullum."

Ta buɗe firji ta miƙo masa allurar ciwon sukarinsa. Ina jin gidansa babu firji.

Na ce, "Baba, firjin nan ya aure ka ke nan?"

Bai yi dariya ba. "Yaro, zafin hanya lalata ta yake. Da sau ɗaya ce a sati, da na je Bawku, can arewa, na ɗauko albasa na dawo kafin ta neme ni."

Wata babbar mota ta wuce tana hon. Ya bi ta da ido har ta ɓace. Sannan ya ɗaga riga, ya soka allurar a tumbi, ya mayar wa Mulikatu.

Ta ce, "Sai gobe, Baba."