Takardu uku a kan Baba Agali

Har yau ranar Alhamis ɗin da aka sallami Baba Agali daga aiki ba ta fita raina ba, don da hannuna na rubuta takardun da suka kore shi. Ku da kuke koyon aikin lantarki yanzu, ku saurara.

A shekarun da suka biyo bayan babban fari ina aiki a Keita, a wani furoje na raya karkara da Anasaru suka kawo. Ni ne shef na gyara a gidajen ma'aikata: wayoyi, fitilu, famfo da injin wuta. Karatuna bai wuce ajin ƙarshe na lakwal, wato firamare, ba, sana'ar kuwa a Madawa na koye ta. Ƙa'idar aikin ita ce, duk abin da ya samu matsala sai na cika wata takarda. Akwai wurin rubuta abin da ya faru, akwai wurin rubuta dalili, sannan in sa hannu a kai biro, wato ofis. In dalilin ya faɗa kan ma'aikaci, a ba shi gargaɗi. Gargaɗi uku, sallama.

Wani injiniya Anasara, muna ce masa Mushe kawai, yadda ake kiran maigida da Faransanci, ya dawo daga hutu da wani farin abu kamar murfin kwano. Ya ce in kafa shi a rufi, kusa da ɗakin jaririyarsu, wai in ya ji hayaƙi sai ya yi ƙara. Ya ba ni ɗan littafinsa, an rubuta shi da yarensu, ba da Faransanci ba. Na karɓa ina kaɗa kai kamar na gane. Mu ma'aikata muka sa wa abin suna mai kuwwa.

Gardin gidan, wato mai gadi, shi ne Baba Agali, dattijo daga wani ƙauye kusa da Ibohaman. Fari ya cinye masa awaki, gona ba ta ba da komai ba, buhun hatsin da furoje ke ba ma'aikata kowane wata shi ke riƙe da gidansa. Kullum bayan azahar yana dafa shayi a ɗan murhun gawayi a bakin ƙofa, kuma bai taɓa barin in wuce ban sha ba.

Da damina ta yi tsakiya, wata rana bayan azahar, mai kuwwa ya ɓarke da ƙara. Madam, matar Mushe, ta fito da gudu ba takalmi, jaririya na tsala kuka a hannunta. Na duba kicin, na duba firji, na bi wayoyi, babu wuta ko'ina. Mushe ya ce, "Shu'aibu, mene ne dalili?" Kowa ya zuba mini ido. Na waiga, sai na ga murhun Baba Agali. A takarda na rubuta: hayaƙin shayin gardi.

Da aka karanta masa gargaɗin, ya same ni ya ce, "Shef, tsakaninka da Allah, hayaƙin ga da ko sauro bai kora, shi ka ƙetare tsakar gida har shi shiga ɗaki? Buɗe abin ga ka diba mana."

Na ce, "Baba, kayan Anasara ba a buɗe su hakanan."

Gaskiyar ita ce tsoro nake in buɗe in kasa mayarwa, a ce shef bai iya aiki ba.

Bayan mako ɗaya ya sake kuwwa, na sake rubuta dalilin nan. Daga ranar Baba Agali ya daina dafa shayi, ya ba kuku murhunsa ya kulle a ɗakin ajiya. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana shan shayi, sai ka gan shi zaune ya dafe kai, idanu sun yi ja, yana tauna ɓarin goro.

Kuwwa ta uku ta zo murhu na kulle, kuma na sani. Na daɗe zaune da alƙalami a hannu. Na ga in na canza dalili yanzu, takardu biyu na farko sun zama ƙarya, kuma da sa hannuna a kansu. Sai na rubuta irin na baya. Ranar Alhamis aka sallame shi. Ya naɗe tabarmarsa, ya karɓi murhunsa wurin kuku, ya ba ni hannu ya ce, "Allah shi bar zumunci, Shef." Ya kama hanya.

Kwana huɗu da tafiyarsa abin ya sake ɓarkewa. Mushe ya dube ni ya ce, "To, yau hayaƙin wa?"

Na hau kujera na murɗa murfin. Da hannu kawai ya buɗe, ko mabuɗi bai buƙata ba. Gizo-gizo ne ya yi saƙa a ciki, ga ƙananan ƙwarin damina maƙale a jiki. Mushe ya ce in ƙwaro ya shiga ramin da ke jin hayaƙi, abin ba ya bambancewa. Ina tsaye kan kujerar na ce, "Mushe, ban taɓa buɗe shi ba sai yau. Ran kuwwa ta uku ma Baba bai hura wuta ba." Na sauko daga kan kujerar. Sai Mushe ya ce, "Jeka ka nemo shi." Amma a biro aka ce an riga an ɗauki wani gardi.

Na hau ɗan babur ɗina mobilet na tafi ƙauyensu, na same shi a gindin itace a bakin gona. Ya hura gawayi ya ɗora buta, bai tambaye ni komai ba sai da na shanye kofin farko.

"Ka buɗe?"

"Na buɗe, Baba."

"Mi ka iske ciki?"

"Gizo-gizo."

Ya yi dariya har ya share ido da bakin rawani. "Ashe gizo-gizo ya kore ni!"

Na ce, "A'a, Baba, ni na kore ka. Ka yafe mini. Mushe ya ce zai sa a cire wanda aka ɗauka, ka koma."

Ya ce, "Na yafe. Amma wanda anka ɗauka, shi ma yana da masu jiran buhu. Kada a sake korar wani don ni."

Abin da aka samar masa shi ne aikin jera duwatsu a kan tudu don tare ruwa, inda ake biya da abinci. Shekara biyu ina wucewa a motar furoje ina ganin dattijon nan da dutse a ka, a cikin rana. Duk lokacin da ya gan ni sai ya ɗaga mini hannu. Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Shi ya sa nake ce muku, in irin abin nan ya yi ƙara ba wuta, ku fara tabbatarwa babu wutar, sannan ku buɗe shi ku share, ku duba pil ɗinsa, wato batir, kada ku cire shi ku yar. Kuma ku sani, a aikinmu kullum akwai wani tsaye kusa wanda ba ya iya karanta abin da kuka rubuta a kansa. Ni dai daga ranar, in ban gano dalili ba, sai in rubuta a wurin: ban sani ba tukuna. Na rubuta haka sau da yawa har na bar aiki, kuma ba a taɓa korar kowa a kansa ba, har da ni.