Yadda na koma Sani Imel

"Sani, ina intanet ɗina?" in ji Anti Rifkatu, sakatariyarmu, riƙe da takardar odar kaya da manaja ya ce lallai ta isa Legas kafin la'asar.

Ni fa masinja ne a wata masana'antar roba a Sharada. Bayiros ya addabi kwamfutar ofis, na bugi ƙirji na goge ta na ɗora mata wata babbar manhaja mai suna Linux daga faifai, don na taɓa ganin ana yi a kafen intanet. Komai ya hau lafiya, ban da na'urar kama intanet. Ashe tana buƙatar wani ɗan fayil na kamfanin da ya ƙera ta, masu haɗa faifan Linux kuwa ba sa saka abin da kamfani ya rufe sirrinsa.

"Anti, saura fayil ɗaya."

"To ɗauko shi mana."

"Yana intanet."

"Intanet ɗin da ka kashe?"

"Shi fa."

Ta miƙo min takardar. "To yau kai ne imel ɗin."

Haka na hau acaɓa sai kafe. Oda ta tafi da ƙyar, fayil ya sauka a filashi.

Jiya a Na'ibawa wani ya ƙwala kira, "Sani Imel!" Wallahi na waiwaya.

Ku wane suna karambani ya raɗa muku?