Rigunan da Tela ya Ɓata Mini

Shekarar da na fara koyarwa a wata firamare da ke hanyar Zango, duk suturar da na mallaka ba ta cika igiyar shanya guda ba. Kaftani uku na yadi mai araha, shadda ɗaya ta Juma'a wadda guga ya cinye wa wuya, hula biyu, sai 'yan rigunan gwanjo da nake tsugunawa in zaɓa a kasuwar Daura ina waige-waige kada wani ɗalibina ya hango ni. Wannan bai dame ni ba. Ni dogo ne siriri, kome na rataya yana zama. Abin da ke ci mini rai shi ne suturar mahaifina.

Baba manomi ne, da rani kuma ya taɓa saye da sayar da awaki. Gajere ne kakkaura, mai faɗin kafaɗa. Riga biyu na san shi da su tun da na yi wayo, ɗaya fara ɗaya shuɗiya, kuma a lokacin da nake ba da labari farar ta koma launin ƙasa, shuɗiyar kuwa faci ya fi asalin yadin yawa. Ranar Juma'a in na hango shi a sahun gaba cikin wannan riga, ni kuma ga ni a baya ana ce mini malam, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Burina a duniya a lokacin bai wuce in ga Baba cikin sabuwar riga wadda ta fito daga guminna ba.

To ni ne ɗan fari, kuma Baba mutumin da ne. Bai taɓa kiran sunana ba. In yana son in yi wani abu, sai ya dubi bango ya ce wa Inna, wato mahaifiyata, a gaya wa yaron nan kaza, alhali ga ni zaune ina jin sa. Da na ɗauki albashin farko na yanko masa shadda, aka ɗinka, na ba Inna ta miƙa masa. Juma'ar da ta biyo na gan ta a jikin ladanin unguwarmu. Na daure na sake yin wata da Sallah, ita kuma na ci karo da ita a jikin wani maƙwabcinmu mai sayar da itace, har yana yi mini godiya. Da na matsa wa Inna da tambaya, ta ce cewa ya yi yaro ya fara tufatar da kansa tukuna, shi bai yi tsufan da ɗansa zai rufa masa asiri ba. Amma kuma mutumin nan da ke kyautar da shadda sukutum, in ya ga ƙwayar gero a ƙasa sai ya duƙa ya tsince. Ba abin da ya tsana kamar asara.

Takaici ya kai ni na amayar da duk wannan a shagon telanmu. Dattijo ne, sa'an Baba, tare suka yi wasan ƙasa, don haka Baba Tela nake ce masa. Wani ɗan zaure ne shagon, da keken ɗinki na ƙafa da benci guda da ƙyallaye ko'ina. Na zauna na yi ta zuba, shi ko yana ta taka kekensa da zare a baki, ko kai bai ɗaga ba. Da na gaji na tashi, ina cewa a raina wannan tsoho ma bai ji ni ba.

Bayan 'yan watanni na kai masa wani yadi ruwan toka mai ɗan nauyi, wanda na daɗe ina zagayawa a kasuwa kafin in iya saya. Ranar da na karɓo na zura shi a ɗaki, sai na tsaya sororo. Kafaɗa ta zubo mini har damtse. Hannu ya tsaya nesa da wuyan hannuna. Rigar da ya kamata ta sauko ƙauri ta tsaya a gwiwa, wandon kuwa mutum biyu irina za su shiga su yi hira. Har da wani zurfafan aljihu a ciki ta hagu, wanda ni ban ce a yi mini ba. Na koma da sauri na nuna masa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ɗauko igiyar awo ya sake auna ni, ya ce ai ko haka awona yake, sai dai in ni ne na rame. Na ce to ramar ce ta ƙara mini tsawo? Ya ce Allah ne masani. Na ce a rage faɗin, ya ce faɗi yana raguwa amma tsawo ba ya ƙaruwa, abin da almakashi ya ci ya ci.

Na dawo gida na wurga wa Inna kayan na ce ta yi tsumma da su ko ta yi wa yara matashi. Ta rataye a igiya a tsakar gida. Da Baba ya dawo daga gona ya tambayi na wane ne, ta ce na yaron nan ne, tela ya ɓata, yayyagawa za a yi. Ina ɗaki na ji ya yi salati ya ce sabon yadi za a yayyaga, wannan wace irin almubazzaranci ce. Da la'asar sai ga shi ya fito cikin kayan, sun zauna masa ɗas.

Ku yi mini dariya, na yarda. Wallahi ko kaɗan ban kawo komai a raina ba. Na ɗauka Inna ce ta ba wata mai keke a maƙwabta ta ɗan gyara, na ce ashe dai wani hanin ga Allah baiwa ne. Na yi murna ta wani gefen, ta wani gefen kuma ina jin zafin yadina.

Ɗinki biyu da suka biyo baya lafiya lau, kamar a jikina aka yanka su. Na uku ya sake fitowa buhu. Daga nan kaina ya fara kullewa. Na je kemis na hau sikeli, nauyina yana nan yadda na san shi. Na tsaya jikin ƙyauren ɗaki na ja layi da gawayi a saman kaina, bayan wata guda na sake aunawa, ban ƙaru ba ban ragu ba. Na ce to ko idon tsohon ne ya fara tafiya? Na je na zauna ina leƙensa ta gefen ido, sai na ga ya zura zare a allura karo ɗaya ba tabarau. Na tambayi masu kai masa ɗinki, kowa ya ce shi bai taɓa ɓata masa ko aljihu ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai, in na kai yadi mai walƙiya irin na samari, ko mai araha can, sai ya fito tsaf. Amma da na daure na sayi mai kyau, fari ko ruwan toka ko shuɗi mai duhu, to shi ne zai lalace. Har sai da na fara tunanin ko wani ya yi mini asiri ne kada in sa kaya masu kyau, na shiga tofa addu'a a kan yadi kafin in fita da shi.

Akwai wani Inyamiri abokina mai sayar da kayan gyaran babur, mutum mai son riga ta kama jiki. Da na ba shi labari ya yi dariya har da dukan kanta, ya ce malam ka canza tela kawai, garin nan tela ɗaya ne? Na ce ba zai gane ba, mutumin nan shi ya ɗinka mini rigar shiga aji ɗaya, in na bar shi da wane ido zan gaishe shi a hanya. Sai ya ɗauko tef ɗin da yake auna waya da shi, ya auna ni tun daga wuya har idon sawu, ya rubuta a bayan kwalin fulogi, ya ce in kai wa tsohon, takarda ba ta mantuwa.

Ana haka aka sa ranar ɗaurin auren ƙanwata, dangin ango za su zo daga Zango. Na matse bakin aljihu wata da watanni, na bar cin tsire, na bar hawa acaɓa inda ƙafa za ta iya kai ni, har na yanki farar shadda wadda ban taɓa sayen irinta ba. Na so in yi wa Baba ma, amma na san a jikin ladan za ta ƙare, kuma ƙarfina bai kai na biyu ba. Na kai wa Baba Tela da kwalin awona, na karanta masa layi-layi kamar ina koya wa 'yan aji biyu. Ya karɓa ya soke kwalin a ƙusa, ya ce in sha Allahu.

Saura kwana biyu biki na karɓo. Ko gida ban kai ba, a zauren wani abokina na warware. Buhu. Har da aljihun nan na hagu.

Ban san lokacin da na isa shagon ba. Akwai mutum biyu a kan benci, ban ko gaishe su ba. Na ɗaga murya a kan sa'an mahaifina, abin da har gobe in na tuna sai kunya ta rufe ni. Na ce in ya gaji da sana'ar ya faɗa, in kuma wani laifi na yi masa ya gaya mini, don wannan ya wuce kuskure, mugunta ce. Mutanen suka ba ni haƙuri, suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Shi ko sai da ya kai ƙarshen kalmasar da yake yi, ya datse zare, sannan ya ɗago.

"Ranar da ka zauna a bencin nan kana cewa kana so ka ga ubanka cikin sabuwar riga, da wa kake magana? Ni kaɗai ne a shagon."

Ya nuna kayan da ke hannuna, ya ci gaba.

"Awonsa na sani tun ba a haife ka ba. Ba zai karɓi kyauta daga hannunka ba, amma ba zai iya kallon yadi ya tafi a banza ba. Jibi shi zai zauna gaban baƙi, ba kai ba. Ɗauki kayanka ka je ka yi fushin a gida, inda zai yi amfani."

Na ɗauki kayan na fito. Fushi nake ji ko kunya ko daɗi, wallahi ban iya rarrabewa ba. Shaddata ce, ni na ƙi cin tsire dominta, kuma ba a shawarce ni ba. Amma kuma ni na roƙa, ko da ban san roƙo nake yi ba. Da na shiga gida na wurga kayan a tabarma na yi ta faɗa a kan tela, Inna ta ɗauka ta rataye a igiya. Ranar ɗaurin aure Baba ya zauna a tsakiyar mutanen Zango cikin farar shadda tana ɗaukar ido, ni kuma ina can baya da tsohuwata mai cinyayyen wuya ina raba goro. Ban taɓa jin daɗin tsohuwar riga irin na ranar ba.

Daga nan abin ya zama tsari. In na sami hali sai in yanki yadin mutum biyu in kai, ba na cewa komai, shi ma ba ya cewa. Ɗaya ya fito daidai, ɗaya ya lalace. In zo gida in yi faɗa, Inna ta rataye, Baba ya yi salati a kan asara ya ɗauka. Wani lokaci har ya dubi bango ya ce a gaya wa yaron nan ya riƙa haƙuri da tsofaffi, ido ba ya dawwama. Muka yi shekara da shekaru a haka.

Sai idon Baba Tela ya tafi da gaske. Yanar ido ta rufe shi, ya daina ganin ramin allura, 'ya'yansa suka ɗauke keken suka ce ya huta. Na koma wurin wani tela matashi mai keken lantarki a bakin kasuwa. Na rasa yadda zan yi masa bayani. Na ce ina so ya ɗinka mini kaya amma ya ɓata su, ya dube ni kamar na taɓu. Ƙarshe na saci wata rigar Baba daga igiya na kai masa ya ɗauki awo, na maido kafin a farga. Ya yi ɗinkinsa mai kyau, na kawo gida, na yi faɗan da na saba, Inna ta rataye, Baba ya yi salati ya ɗauka.

Washegari da safe ina tsakar gida ina goge takalmi zan tafi makaranta, sai ya fito da rigar a hannu. Na jira ya dubi bango ya kira Inna. Bai kira ta ba. Ni ya duba, ido cikin ido, abin da ban saba gani ba tun ina yaro.

"Kai, wannan sabon telan naka bai iya ɓata ɗinki ba. Ka mayar masa, ka ce aljihun ciki ta hagu ake yi."

Ya ajiye mini rigar a kafaɗa ya saɓi fartanyarsa ya fita. Na zauna da buroshi a hannu na rasa abin da ke mini daɗi. Tun yaushe ya sani? Tun ranar biki, ko tun yadin nan ruwan toka na farko? Ko ma da shi aka ƙulla tun asali, ni kaɗai ne nake hawa sikeli ina jan layi da gawayi? Na juya wurin Inna na tambaye ta. Ta ci gaba da tankaɗen garinta, ta ce ita ba ta san abin da nake nufi ba, in tashi kar in makara.

Da na tashi daga makaranta na biya ta kasuwa, na ce wa matashin telan ya sa aljihun, ya zurfafa shi sosai.