Mai Agogo Ya Ajiye Makulli

Shekara talatin da ɗaya, bakwai da rabi na safe a bakin ƙofar ɗakin inji take yi wa Mai Agogo. Ɗaki ne ba taga, sanyi kamar cikin firji, ƙananan fitilu kore a jere. Kafin ya amsa gaisuwar kowa sai ya duba babban agogon da duk injinan sadarwarmu suke bi. Mukan tsokane shi da cewa ya fi girmama agogon nan a kan manaja. Bai taɓa musantawa ba.

Ga wanda bai san aikin ba: ƙananan layukan waya ne ke shigowa, kowanne da gudunsa, shi kuma ya haɗe su a babban layi guda ba tare da kalma ɗaya ta zube ba. Layin da ya yi nawa, inji ya yi masa ciko har ya kamo 'yan'uwansa, a can gaba a cire cikon. Mai hira da mahaifiyarsa bai ma san an yi ba.

Ni na sani, don an taɓa yi mini cikon. Na dawo daga kwas ina ji da kaina, na sa tasharmu ta riƙa karɓar lokaci daga maƙwabciyarta, alhali ita daga wurinmu take karɓa. Kowacce na bin 'yar'uwarta, ba mai bin agogo. Kwana uku murya na tsinkewa. Manaja ya rantse sai ya kori wanda ya yi, maiɗakina kuwa cikinta wata takwas.

Mai Agogo ya ɗora abin sauraro a kunne, ya ƙirga tsinkewar, ya bi sawu har ya iske ɓarnata, ya gyara. Da manaja ya nemi suna, ya ce ɗakin nasa ne, a rubuta nasa. Ƙarin girman da yake jira ya tsallake shi. Abin da ya ce mini bai wuce wannan ba: "Ƙanena, gobe ka zo bakwai da rabi, mu duba tare."

Na zo, shekara goma sha tara ina zuwa. Godiyar ce ban taɓa kawowa ba. Kullum cikin shirinta nake, kamar yadda nake shirin rage tumbi.

Makon jiya ya yi ritaya. Matarsa ta ce har ya daidaita agogunan gidan kaf, ya koma kan na maƙwabta. Makullin ɗakin yana aljihuna yanzu, amma kowace safiya sai na tsaya a ƙofar kamar ina jiran wani.

Yaya, kai ne uban ɗakin da ba taga. Kai ne ka ba da sunanka don nawa ya tsira. 'Yar da aka haifa mini a wancan lokacin tana jami'a, kuma jiya na gaya mata abin da ka yi. Na gode, Allah ya saka da alheri.

Ku da kuka rage a bakin aiki, in wani ya yi nawa a kusa da ku, ku jira shi ya kamo. Na makara shekara goma sha tara, Yaya, amma ga ni na iso.