Ranar da Na Koro Shanuna da Kaina

Ni ba jarumi ba ne, kuma duk wanda ya san ni ya san haka. Manomin albasa ne ni, a wani ƙauye tsakanin Kajiji da Horo Birni. Ko kare ya yi mini haushi a hanyar fadama sai na sake hanya. Amma ni ne na tsaya neman shugabancin 'yan sintirin garinmu a shekarar da masu satar mutane suka matso kusa da mu, kuma ba komai ya tsayar da ni ba sai tsoro.

Bayan kaka abin ya fara. Aka ɗauke mutum biyu a wani gari kudu da mu, da rana tsaka, suna dashen albasa. Daga nan kowa ya koma aiki da ido ɗaya a kan shuka, ɗaya a bakin daji. In ka ji ƙarar babur daga nesa sai ka tsaya cak da fartanya a hannu, kana saurare ko ɗaya ne ko suna da yawa. Tsohon da ke riƙe da 'yan sintirinmu ciwon ƙafa ya zaunar da shi, ya ce a nemi wani. Dattawa suka yanke cewa wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci magidanta za su taru a ƙofar gidan mai gari, kowa ya bi layi a bayan wanda yake so.

Wanda ya fara fitowa wani mai gyaran babura ne, ƙato, mai zafin kai. Maganarsa ɗaya ce: duk Bafulatanin da ya shigo gari a kama shi tukuna, a yi tambaya daga baya. Matasa suna son wannan magana. Ni kuwa ta hana ni sukuni, don na ji labarin garuruwan da aka fara da haka, na kuma ji irin ramuwar da ta biyo baya. Na faɗi haka a majalisa sau biyu, sai kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya ce tunda bakina ba ya shiru, to in fito. Kawu mutum ne da ba a taɓa yin zaɓe a yankinmu bai tsoma hannu ba, ko na sarkin kasuwa ne.

Muka shiga bin zaure zaure bayan la'asar, shi a gaba da ƙullin goro, ni a baya. Abin da nake faɗa ba shi da yawa. Ba za a taɓa kowa ba sai da shaida. Za a raba sintiri unguwa-unguwa yadda ba wanda zai ce an bar shi. Za a riƙa fita fadama a ƙungiya, a dawo a ƙungiya. Tsofaffi suna gyaɗa kai, suna sa albarka. Sai na miƙe zan saka takalmi, wani ya yi gyaran murya.

"To Malam, shanunka hwa? Har yanzu suna ruga?"

Shanu huɗu nake da su a wata ruga gabas da gari, a hannun wani Bafulatani sa'ana. Ba ni na ba shi su ba. Mahaifina ne ya ba mahaifinsa saniya ɗaya kiwo tun ina goye, ita kuma ta yi ta haihuwa a can. Yanzu ɗan ne ke shan nonon, in an girbe dawa ya kawo garkensa su kwana a gonata su bar mini taki. Tare muka tashi. Yana kirana mai albasa, yana cewa tun daga bayan tudu yake jin warina, ni kuma ina ce masa ɗan Hillo, wato ɗan Fulani, mai ƙafar kara. Ban taɓa tunanin akwai ranar da za a tambaye ni wannan zama ba.

A zaure na farko na yi dariya. A na biyar ban yi ba. Kafin mako ya zagayo labari ya dawo mini cewa mai gyaran babura yana cewa wanda dukiyarsa ke daji ba zai iya tsare gari ba, kuma a bincika me nake kaiwa ruga ban da gaisuwa. Bai kira ni infoma ba, wato mai kai wa masu satar mutane rahoto, amma kalmar tana yawo a lokacin, kuma na san abin da take yi. Na taɓa gani a wata kasuwa an fizgo mutum daga kan babur don wani ya nuna shi ya faɗe ta. Ina tsaye da buhun albasa ina kallo, ban hana ba. Tun daga ranar da labarin nan ya zo, in na shiga masallaci sai in ga kamar an ɗan matsa daga kusa da ni.

Kawu ya same ni a fadama ina ban ruwa.

"Ka ɗauko bisashen ga," ya ce. "In anka yi zaɓe ka maishe su. Kwana nawa na? In ba haka ba ka hwaɗi, kuma ba hwaɗuwa kaɗai ba, sunanka ya ɓaci."

Na gaya wa Inna, mahaifiyata. Tana tsince wake a faifai, ba ta ɗago ba.

"In dai dole na sai sun dawo, ka bari shi koro su da kainai."

Na san abin da take nufi. A wajenmu in za a mayar da shanun kiwo, makiyayin ne ke koro su har ƙofar gidan mai su. Ya yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma, ya ci tuwo, maƙwabta su zo a gaisa. Da haka kowa ke sanin an rabu lafiya. Mai shanu ba ya zuwa ruga da igiya ya kwaso abinsa sai in an ci amanarsa. Yaron goye ma ya san wannan. Na ce wa Inna to, kuma a lokacin da na faɗa ina nufin to ɗin.

Ranar Laraba da hantsi na tafi rugar a ƙafa. Na same shi yana ɗaure maruƙa. Matarsa ta dama mini fura da nono, na sha ban ji ɗanɗanonta ba. Na yi ta kewaye-kewaye, daga farashin albasa zuwa ciwon bakin shanu, kafin na ce ina son shanun su ɗan dawo gida na 'yan kwanaki. Bai tambaye ni dalili ba. Ya san komai, don matansu suna kai nono gari.

"Ba komi, mai albasa," ya ce. "Bari in sa riga in koro maka su."

Ya juya zai shiga bukka. A wannan ɗan lokacin na hango mu: ni da shi kafaɗa da kafaɗa, muna shiga gari ta gaban rumfar mai gyaran babura, matasa suna zaune suna kallo. Na hango shi a kan tabarma a ƙofar gidana kwana biyu kafin zaɓe.

"Bar shi," na ce. "Kak ka wahal da kanka. Ni ka kora su."

Ya tsaya da rigar a hannu. Ya dube ni, ya dubi igiyar da ke rataye a kafaɗata, wadda na ɗauko daga gida ina ce wa kaina ai ko don tsautsayi. Ya ware shanun huɗu daga garke, ya ɗaura wa babbar igiya da hannunsa, ya miƙo mini.

Shanun ba su san ni ba. Suka yi ta turjewa, suna kuka, suna waiwayen ruga. Tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba ta cinye mini uku. Na shiga gari daidai an fito daga sallar azahar, ni kaɗai, rigata jiƙe, ina jan saniya tana jana. Mutane suka tsaya a ƙofar masallaci suna kallo. Wani dattijo ya ce, "Ashe dai." Matasan rumfar babura suka miƙe tsaye, har wani ya zo ya kama mini igiyar. Ban ɓoye ba, na ji sanyi a raina. Rabona da in ji gari ya karɓe ni haka an yi makonni. Inna kuwa da ta ji kukan shanu ta leƙo, ta duba bayana ba ta ga kowa ba, ta koma ɗaki.

Ranar Juma'a layina ya fi tsawo nesa ba kusa ba. Har wasu daga yaran mai gyaran babura suka dawo bayana. Aka yi addu'a, aka miƙo mini gorar tsohon shugaba, kawu yana ta washe baki kamar shi aka zaɓa.

Ba a watse ba 'yan sintiri suka kewaye ni, wajen mutum goma, biyu da bindigar harba-ka-ruga. Mai gyaran babura da kansa ya ba ni hannu, ya ce ya bi, sannan ya tambaya:

"To shugaba, yaushe za mu rugar gabas?"

Na ce me za mu yi a can.

"Kai da kunka tashi tare ka tahi da igiya ka amso abinka. Ai ba banza ba. Mi kag gani? Hwaɗa muna, mu ba mu jin tsoro."

Na ce ban ga komai ba. Suka yi murmushi irin na an gane, wani ya ce shugaba yana da kunya, ba ya son tona abokinsa a gaban jama'a. Na rantse. Rantsuwar ma suka ɗauke ta a kan kara. Na tuna musu cewa ba a taɓa kowa sai da shaida, sai ɗayansu ya ce ai shaidar tana ɗaure a ƙofar gidana tana cin harawa. Da ƙyar na samu suka yarda a bari sai Lahadi, wai in yi shawara da mai gari. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan yammacin ba, don wannan karon ba daga daji abin zai fito ba, daga bayana zai fito, ni a gaba.

Na ari babur na nufi rugar tun rana ba ta faɗi ba. Niyyata in ce masa gobe da safe ya zo gidana, ya zauna a tabarma, ya ci tuwo, ya kora shanun ya koma da su a gaban kowa.

Na tarar an kwance bukkoki biyu. Matarsa tana ɗaure ƙore a bayan jaki, 'ya'yansa mata suna naɗe tabarmi. Garken ya riga ya yi gaba. Na sauka ina magana da sauri, kalmomi suna hawa kan juna. Ya saurare ni har na gama.

"Tun ranar Laraba ba wanda yas sai nonon matata," ya ce. "Jiya an jehe ta a bakin rijiya."

Na ce zan gyara. Na ce yanzu ni ne shugaba. Na tambaye shi ina za shi, ya nuna kudu da haɓa, wajen dajin da mu da su duka muke tsoro. Na ce can masu satar mutane za su kashe shi ko su kwashe garken. Ya ce ya sani.

"To ka tsaya mana!"

Ya ɗaure bakin buhun da ke gabansa, ya ɗora wa jakin, sannan ya dube ni.

"In na tsaya, mai albasa, kai za a sa gaba ka zo. Kuma na san ka. Za ka zo."

Ban musa ba. Ya kama igiyar jakin, suka bi bayan shanu.