Kilishi a kan sola

'Yan uwa, yau nama ya kusa lalata mana allurar jarirai!

Ƙamshin yaji ne ya tarbe ni da na sauka daga okada a ƙofar sakatariya. Har na lumshe ido, na tuna gida. Kun san tun da aka saka mana sola aka jingine janareta. Ina shiga ɗakin rigakafi sai na ji firjin allura yana ta kuka. Batir ya kusa mutuwa! Ga rana tsaka, ga uwaye a layi.

Oga, shugabanmu, ya fito yana faɗa: "Wa ya taɓa waya?"

Mai gyara ya hau rufi, sai ya fashe da dariya. "Oga, kilishi ne!"

Wallahi an lulluɓe farantan sola kaf da nama! Baba Isufu mai gadi ya ce, "Ranka ya daɗe, na ga wurin da zafi, kuma akuya ba ta hawa."

Oga ya ce, "Yau za ka bar aikin nan!"

Aka kwashe, aka goge, firji ya yi shiru.

Ba a kori Baba ba. Sai yanzu na ji dalili: ragon na Oga ne, shi ya sayo a kasuwar Alaba Rago, ya ce Baba ya yi masa kilishi.